Addini da Tushen Kyawawan Ɗabi'u a Adabin Hausa: Nazarin Tatsuniya da Ƙagaggun Labarai Uku

1.0 Gabatarwa

Tambayar ko al'umma da halayen mutane za su sake kama da a ce babu addini a duniya tsohuwar tambaya ce. Malaman tauhidi sun daɗe da taɓa gefenta. Mu'utazilawa sun tafi a kan cewa hankali yana iya rarrabe kyakkyawa da mummuna tun kafin zuwan wahayi, su kuwa Ash'arawa, waɗanda aƙidarsu ce ta fi yaɗuwa a tsakanin malaman ƙasar Hausa na dauri, suka ce shari'a ce ke tabbatar da abin da za a saka wa mutum a kansa da lada ko azaba. A ƙasar Hausa maganar ba ta tsaya a zauren karatu ba. Muhawarar da aka tafka a shekarun 1990 a kan littattafan soyayya na Kano, da kafa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano a 2001, duk sun ginu a kan fahimtar cewa taɓarɓarewar tarbiyya da raunin addini abu guda ne. Wannan maƙala za ta auna wannan fahimta da abin da adabin Hausa kansa ya nuna, ta hanyar duban tatsuniya da littattafai uku da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wato Ruwan Bagaja da Jiki Magayi da Shaihu Umar.

2.0 Iyakar Tambayar

Tarihi bai san wani zamani da Bahaushe ya zauna ba addini ba. Kundin tarihin Kano ya fara ne da Barbushe da bautar Tsumburbura a Dala, kafin ya kawo zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Maguzawan da Greenberg (1946) ya nazarta a karkarar Kano sun san Allah a matsayin mahalicci, sai dai yankansu da roƙonsu na yau da kullum ga iskoki suke yin su. Saboda haka kwatanta Musulmi da Bamaguje kwatanta addini ne da wani addinin, ba zai amsa tambayar ba.

Wata hanyar da akan bi ita ce ta asalin kalmomi. Kirk-Greene (1974) ya lissafa siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Aƙalla shida daga cikinsu, wato amana da karamci da hankali da ladabi da hikima da adalci, ararrun kalmomi ne daga Larabci. Wannan ya nuna irin zurfin da Musulunci ya yi a cikin tunanin Bahaushe, amma bai isa hujjar cewa halayen kansu baƙi ba ne. Bahaushe ya ari ashirin da talatin daga Larabci, alhali yana da hauya da gomiya uku tun kafin aron. Aron suna ba ya tabbatar da aron abin da aka sa wa sunan. Kuma gaskiya da kunya da mutunci, waɗanda su ne ginshiƙan sauran, kalmomi ne na gida.

Abin da ya rage shi ne a duba wuraren da adabi ya ƙaga duniyar da hukuncin lahira ba ya aiki a cikinta, a gwada su da wuraren da yake aiki.

3.0 Duniyar Tatsuniya

Tatsuniyoyin da Edgar ya tara (1911 zuwa 1913) da waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya wallafa daga baya an samo su ne daga bakin Musulmi, don haka ba a rasa malami ko rantsuwa da Allah a cikin wasu. Duk da haka ginin yawancinsu bai dogara da wuta ko aljanna ba. Komai a nan duniya yake ƙarewa, kafin a ce ƙurunƙus.

Tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa misali ce mai kyau. An tura 'yar bora wankin ƙirgi a ruwan Bagaja. Ta kame bakinta daga abin da aka yi mata tayi a hanya, ta yi ladabi ga cinya da kare duk da abin mamakin da ke tattare da su, ta ɗauki ƙaramin ƙwai, ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi hanya guda da kwaɗayi da tsiwa, ta ɗauki babban ƙwai, ta komo da abin kunya. Babu mai wa'azi a cikin labarin, amma yaro ɗan shekara biyar ya san wadda ta kyauta. Haka nan labarin Gizo da hankaki: sun ara masa gashinsu ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama ta sa ya hana su, suka karɓe gashinsu suka bar shi. Hukuncin Gizo daga waɗanda ya cuta ya fito, kuma nan take.

Karin magana ma yana da irin wannan rukuni. Idan Bahaushe ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ko in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ko alheri gadon barci ne, dalilin da ya kafa na zaman duniya ne, wanda mai addini da marar addini duk za su iya gwadawa su gani.

Sai dai duniyar tatsuniya tana da giɓi guda biyu. Na farko, Gizo yakan sha da yawa. Idan dabararsa ta ci, masu sauraro dariya suke yi, ba a kuma waiwayar wanda aka cuta. Na biyu, makamin wannan duniya kunya ce, ita kuwa kunya sai da idon jama'a. Wanda ya yi ɓarna ba a gan shi ba, ko wanda ya zubar da kunyar gaba ɗaya, ya fita daga hannunta. Bahaushe kansa ya amsa wannan rauni da ya ce kunyar marar kunya asara ce.

4.0 Ruwan Bagaja: Addini a Matsayin Riga

Abubakar Imam ya ari sunan littafinsa daga waccan tatsuniya, ya kuma ari halin Gizo ya raba shi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duniyar littafin ta Musulmi ce tsantsa, da limamai da alƙalai da almajirai, amma manyan taurarinsa biyu da yaudara suke ci. Wurin da ya fi fito da wannan shi ne inda Alhaji ya shiga wani gari da sunan malanta alhali ba shi da karatu. Da aka haɗa shi da Zurƙe, sai ya zana wata alama a ƙasa ya nemi a karanta. Zurƙe ya ambaci haruffan da suka yi kama da ita, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'ar gari suka ba jahili gaskiya.

Abin lura a nan shi ne, girmamawar da mutanen garin ke yi wa ilimin addini ita ce ƙofar da aka shiga aka cuce su. Imam bai soki addini ba, ɗan malamai ne kuma mai kishin addininsa. Abin da labarin ya nuna shi ne cewa yawaitar alamomin addini a gari ba ta zama ma'aunin gaskiyar mazauna garin. Kuma abin da ya sa mai karatu yake tare da Alhaji har ƙarshe shi ne dalilin fitarsa, wato ya wanke Liman daga wulakancin da aka yi masa a fada, ya kuma samo wa ɗan sarki magani. Wannan biyayya ce da kishin gida, irin waɗanda tatsuniya ma ta sani.

5.0 Jiki Magayi: Sakayya a Hannun Mutum

Littafin John Tafida da Rupert East ya fi sauran kusantar tambayar. Malam Shehu attajiri ne marar haihuwa. Ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainabu, wadda ke da alkawari da saurayinta Abubakar. Musulunci ya hana nema a cikin nema, al'ada ma tana ganinsa cin amana, wato a nan addini da al'ada bakinsu ɗaya, kuma dukansu ba su hana mai kuɗi yin abin da ya so ba. Abubakar bai kai ƙara ba, bai kuma bar wa Allah ba. Ya shiga duniya neman asirin da zai rama da shi, asirin kuwa ya faɗa a kan Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure. Yaron ya tashi ɓarawo, ya zama abin kunya ga iyayensa, daga ƙarshe ya zama sanadin mutuwar mahaifinsa.

Abubakar shi ne hoton mutumin da ya cire hisabi daga lissafinsa. Yana da gaskiya a farkon al'amari, kuma sanin cewa an zalunce shi bai buƙaci wani malami ya gaya masa ba. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai ajiye ƙararsa. Da ya zama shi ne mai ƙara kuma shi ne alƙali, sai hukuncin ya wuce laifin, ya hau kan wanda ba a ma haifa ba lokacin da aka yi laifin. Shi kansa bai ci ribar komai ba, ƙuruciyarsa ta ƙare a yawon neman fansa. Littafin bai yi dogon wa'azi ba, ya bar sakamakon ya yi magana, kamar yadda sunansa ya nuna. Ta wannan fuska ya fi kusa da karin maganar da ke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ita wannan karin magana ta haɗa tushen biyu, domin alhaki kalmar Larabci ce, kwikwiyon kuwa na tsakar gidan Bahaushe ne.

6.0 Shaihu Umar: Haƙuri da Iyakarsa

A littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa an juya al'amarin. Zaluncin da ke cikinsa ya fi na Jiki Magayi nauyi. Fadawa sun yi wa Makau hassada har aka kore shi daga gari. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, ya ƙare a gidan Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa ya sa shi karatu. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, ta sha azaba, ba ta sake ganinsa ba sai a Tarabulus tana gab da mutuwa. Babu wanda ya rama, kuma yawancin azzaluman ba a ga sakayyarsu ba.

Da ma'aunin tatsuniya za a auna wannan labari, da an ce ya karye, domin mai kirki ba ta komo da dukiya ba. Abin da ya riƙe shi shi ne imanin cewa akwai wata kotu bayan wannan. Da shi ne Umar ya fita daga bauta ba tare da ƙullaci ya cinye shi ba, ya zauna a Rauta yana karantarwa. Idan aka jera shi da Abubakar na Jiki Magayi, bambancin da addini ya kawo ya fito fili: mutum biyu aka zalunta, ɗaya ya rushe gida, ɗaya ya kafa makaranta.

Amma littafin yana da wata fuska da bai kamata a tsallake ba. Abdulkarim mutumin kirki ne mai ibada, kuma yana cikin fataucin da ya raba uwa da ɗanta. Addini ya tausasa zuciyarsa ga yaron da ke gabansa, bai sa ya tuhumi kasuwar da ta kawo masa yaron ba. Hiskett, wanda ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, ya ɗauke shi a matsayin hoton al'ummar Musulmi ta ƙarshen ƙarni na 19, kuma hoton ya nuna yadda mutanen ƙwarai ke iya zama lafiya a cikin tsarin da ke cutar wasu, matuƙar zamaninsu ya saba da shi. Haƙurin da ya ceci ran wanda aka zalunta yana iya zama abin da azzalumi ke jingina da shi.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, jerin abin da Bahaushe ke kira kirki, kamar gaskiya da riƙon amana da kamewa daga kwaɗayi, yana tsaye a tatsuniya da karin magana ba tare da an kira lahira ba, domin zaman tare kansa yana buƙatarsa. Na biyu, inda adabin ya nuna babban bambanci shi ne a wurare biyu da kunya ba ta kaiwa, wato abin da mutum ya yi a ɓoye, da zaluncin da duniya ba ta rama ba. Na uku, kasancewar addini a gari bai hana Alhaji Imam yaudara ba, bai hana Malam Shehu cin amana ba, bai kuma hana ayarin bayi ƙetare Sahara ba.

Saboda haka manazarcin da ke auna tarbiyyar littafi da yawan ambaton addini a cikinsa zai yi kuskure sau biyu: zai wanke Malam Shehu saboda sunansa, ya kuma rasa abin da zai ce game da 'yar bora. Zai fi amfani a tambayi kowane labari wane ne shaida a cikinsa idan idon jama'a ya kau, kuma ina wanda aka zalunta yake kai ƙararsa. Wannan ma'auni yana jiran a gwada shi a kan littattafan da aka rubuta daga 1980 zuwa yau, waɗanda yawancin taurarinsu mazauna birni ne, inda maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba.