Tarken Sabunta Manhajar Digiri na Biyu a Fannin Aiwatar da Kiɗa: Misalin Makarantun Kiɗa na Turai

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke karatu a ƙarƙashin tsarin LMD ya saba da jin kalmomin kiredi da zango da kundin kammala digiri, har yakan ɗauka haka karatun jami'a yake tun fil azal. Alhali kuwa tsarin ya samo asali ne daga sanarwar da ministocin ilimi na ƙasashen Turai 29 suka sa wa hannu a birnin Bolonya na Italiya a watan Yunin 1999, kuma ya iso ƙasashen ƙungiyar UEMOA, ciki har da Nijar, ta hanyar umurnin da ƙungiyar ta fitar a 2007. Wannan takarda za ta dubi yadda tsarin ya sauya sharuɗɗan samun digiri na biyu a manyan makarantun koyon kiɗa na Turai, inda ake horar da masu kaɗa fiyano da gogen Turawa da masu busa da mawaƙa.

An yi amfani da kalmar aiwatarwa a nan da ma'anar da aka san ta da ita a nazarin waƙar baka, wato gabatar da kiɗa ko waƙa a gaban masu sauraro, a wani wuri, a wani lokaci. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne: masu sabunta manhajar sun yi daidai da suka nemi makaɗi ya yi tunani a kan sana'arsa ya kuma bayyana tunanin, amma sifar da suka fara ɗora wa wannan buƙata, wato kundi irin na jami'a, aro ce da ba a gwada ta da jikin mai sawa ba.

2.0 Kafin Sauyi

Babbar makarantar kiɗa ta Paris, wadda aka kafa a 1795, ita ce ta zama abin koyi ga takwarorinta da dama. A tsohon tsarinta ɗalibi yana shiga ajin malami guda, ya zauna a hannunsa shekaru, sannan ya fito gasar ƙarshen shekara a gaban alƙalai. Wanda ya burge su ya sami lambar farko, kuma wannan lamba ita ce shaidarsa a duniyar makaɗa. Gasar tana da ƙima har ta kai makarantar kan nemi manyan masu tsara kiɗa su shirya mata abin gwaji na musamman. Gabriel Fauré ya tsara wani kiɗan sarewar Turawa don gasar 1898, Claude Debussy kuma ya tsara na abin busan da ake kira kilarinet don gasar 1910, kuma har yau ana busa su a manyan zauruka.

Wannan tsari yana da gaskiyarsa: abin da aka koyar shi ake gwadawa. Amma yana da rauni babba a wajen zauren kiɗa. Lambar farko ba digiri ba ce a ma'aunin jami'a, don haka mai ita kan sha wahala in ya nemi a daidaita shaidarsa da ta wata ƙasa, ko ya nemi ci gaba zuwa digiri na uku. Duk mai tarken sabon tsari ya kamata ya fara amsa wannan, domin ba kwaɗayin takarda kawai ya tura makarantun cikin sauyin ba.

3.0 Abin da Aka Sauya

A Faransa an kafa takardar shaidar ƙasa ta ƙwararren makaɗi a matakin farko da dokar 2007, makarantar Paris kuma ta rarraba karatunta hawa uku, shaidar hawa na biyu ta sami matsayin digiri na biyu. A Jamus tsohuwar difloma ta ba da wuri ga digiri na farko da na biyu, sai dai makarantun kiɗa sun yi nasarar riƙe shekara huɗu a matakin farko, ga biyu a mataki na gaba, jimla shida maimakon biyar da aka tsara wa yawancin fannoni. Ƙungiyar makarantun kiɗa ta Turai ta buɗe wani shiri mai suna Polifonia a 2004 don fassara sharuɗɗan Bolonya zuwa harshen da makaɗa za su gane. Abubuwa biyu ne suka fi fitowa fili a sabuwar manhajar: kiredi da bincike.

3.1 Kiredi

Kiredi ma'auni ne na nauyin aikin ɗalibi. A tsarin Turai kiredi ɗaya yana tsakanin awa 25 zuwa 30, shekara guda kuma kiredi 60 ce, wato awa 1,500 zuwa 1,800. A ƙaddara mai kaɗa fiyano yana gwajin hannu awa biyar a rana, kwana 300 a shekara. Wannan kaɗai awa 1,500 ce. Ashe tun kafin ya shiga ajin tarihi ko na harshe, tun kafin ya rubuta layi guda na kundi, ya cinye kiredin shekarar ko mafi yawanta. Mai tsara manhaja yana da zaɓi biyu ke nan: ko ya rubuta wa babban darasi adadin da ya san bai kai gaskiya ba, ko ya matse sauran darussan su zama na jeka-na-yi-ka. Ma'aunin an ƙera shi ne don karatun da ake iya yankawa zango-zango, a ci jarrabawa a wuce. Hannun makaɗi kuwa ba a gama shi a zango na uku a ajiye.

3.2 Bincike da Kundi

Nan ne gizo ke saƙar. Siffofin matakan karatu da aka amince da su a Turai, waɗanda ake jinginawa ga birnin Dublin, sun alaƙanta digiri na biyu da bincike. Makarantun kiɗa suka ga ba makawa su nuna nasu binciken. A Paris an sa wa ɗalibin hawa na biyu wani aikin nazari na ƙashin kansa ban da kiɗan da zai gabatar. A wasu makarantun kuwa kundi aka nema kai tsaye, da gabatarwa da bitar ayyukan magabata da babi-babi.

Muhawarar ba sabuwa ba ce. A farkon shekarun 1950 Howard Hanson, shugaban makarantar kiɗa ta Eastman a Amurka, ya jagoranci fafutukar kafa digirin dakta na makaɗa, masanin tarihin kiɗa Paul Henry Lang na Jami'ar Columbia kuma ya soki abin, yana ganin digirin dakta haƙƙin masu bincike ne. Amurkawa sun raba gardamar ta hanyar haɗa biyun, kiɗa a gaban jama'a da rubutu a gaban kwamiti. Turai ta gaji tambayar ba tare da ta gaji amsa mai gamsarwa ba.

Illar kundin aro ita ce yana mayar da makaɗi ƙaramin masanin tarihin kiɗa na ɗan lokaci. Mai busa kilarinet zai iya rubuta shafuka masu yawa a kan rayuwar Debussy, ya tattaro abin da wasu suka riga suka faɗa, ya ci maki, alhali babu layi guda a ciki da ya sauya yadda yake busa. Wanda ya yi digirinsa a tarihin kiɗa zai fi shi iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Abin da shi mai busar ya sani, wanda masanin tarihi bai sani ba, kamar inda numfashi ke yankewa a doguwar gaɓa da abin da ake sadaukarwa in an ja shi a nan maimakon can, bai shiga kundin ba, saboda sifar kundin ba ta tanadar masa gurbi ba.

Christopher Frayling ya rarrabe a 1993 tsakanin bincike a kan fasaha, da bincike ta hanyar fasaha, da bincike domin fasaha, Henk Borgdorff kuma ya faɗaɗa batun a rubuce-rubucensa na 2006 da 2012. Rarrabewar tana da amfani, kuma misali guda zai fayyace ta. Joseph Joachim abokin Brahms ne, shi ya fara kaɗa babban kiɗan goge da Brahms ya tsara, a birnin Leipzig a 1879. A 1903, yana dattijo, an naɗi kiɗansa a faifai. Mai sauraron faifan a yau zai ji abin da malaman zamani ba su cika koyarwa ba: ƙarancin karkaɗa yatsa a kan tsirkiya, da zamewa daga sauti zuwa sauti, da sassauta ƙa'idar lokaci. Robert Philip ya yi cikakken nazarin irin waɗannan tsofaffin faya-fayai a littafinsa na 1992. Wannan bincike ne a kan fasaha. To amma ɗalibin da ya ɗauki gogensa ya yi watanni yana gwada salon Joachim, ya gano wane yatsa ne ke ba da wannan zamiya, ya gano inda salon ke rushewa in zaure ya yi girma ko in mai fiyano bai bi shi ba, ya samo sanin da ba ya cikin faifan kuma ba ya cikin littafin. Hujjarsa kuwa sauti ce. In aka ce ya kawo ta a takarda zalla, an karɓi labarin hujja ne, ba hujjar ba.

Wasu makarantu sun gane haka. Cibiyar Orpheus da ke birnin Ghent na Beljiyam, wadda aka kafa a 1996, ta gina aikinta a kan binciken da makaɗi ke yi da kayan kiɗansa. Makarantar kiɗa ta birnin Hague a Holan tana sa ɗalibanta na digiri na biyu su gabatar da bincikensu a wani dandalin intanet mai suna Research Catalogue, inda rubutu da sauti da bidiyo ke zama kafaɗa da kafaɗa, mai dubawa ya karanta iƙirari ya kuma saurari shaidarsa nan take. Wannan gyara ne na gaske. Sai dai shi ma yana da nasa ramin: in ba a tsaurara ba, yakan zame ya koma littafin tarihin yau da kullum, ɗalibi ya jera abin da ya ji a ransa ranar Litinin da ranar Talata ya kira shi bincike. Tambayar da ke raba su ita ce ko wani makaɗin zai iya ɗaukar abin da aka gano ya gwada, ya yarda ko ya musa.

Masu adawa da sharaɗin gaba ɗaya suna da hujjar da ba a raina ta. Manyan ƙungiyoyin kiɗa da yawa suna ɗaukar ma'aikata ne ta gwaji a bayan labule, alƙalai ba su ganin fuskar mai nema, balle kundinsa. Duk awar da aka kashe a laburare, in ji su, an sace ta ne daga hannu. Amsar ita ce kujerun waɗannan ƙungiyoyi kaɗan ne, kuma da yawa daga masu kammala karatun za su rayu ne da koyarwa da shirya tarukan kiɗa da neman tallafi a rubuce. Malamin da ba ya iya faɗin dalilin abin da yake yi sai dai ya ce wa ɗalibi “yi yadda na yi” yana da iyaka.

4.0 Matsalar Harshe

Wannan ɓangare ya fi shafar ɗalibin harshe, kuma shi ne masu manhajar suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. An daɗe ana koya wa mawaƙan Turai furucin Italiyanci da Jamusanci da Faransanci domin su rera daidai. Wannan harshe ne na baki. Sabon sharaɗi ya zo da buƙatar harshe na alƙalami, wanda ke iya siffanta sauti da motsin jiki a zube, kuma sau da yawa a harshen da ba na ɗalibin ba, tunda makarantun cike suke da baƙi kuma a Holan da Ingilishi ake yawan rubutun. Mutumin da ya fara riƙe goge tun yana ƙaramin yaro, ya ba shi ƙuruciyarsa duka, an ce ya fito da rubutu mai tsari cikin zango huɗu da ɗan darasin dabarun bincike. Sakamakon a bayyane yake: mai dubawa kan ƙare da auna nahawu, wanda ya iya harshe ya tsere wa wanda ya iya tunani.

Ɗalibin sashen harsunan Afirka ya san wannan ciwo ta wata fuskar. Yakan ɗauki waƙar baka ta Hausa, ya rubuta ta da ƙa'idar rubutun da ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, ya fassara ta zuwa Faransanci ko Ingilishi, ya yi sharhi a kan abin da ya rage. Kalangu da amshin ƴan amshi da shewar ƴan kallo duk sun faɗi a hanya. Shi ya sami digiri a kan waƙar, mai waƙar kuwa sai dai a karrama shi, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Girmamawa daban, amincewa da aiwatarwa a matsayin hujjar ilimi daban.

Saboda haka manhajar da ta sa rubutu a cikin sharuɗɗanta ta ɗauki nauyin koyar da shi tun zangon farko, da kiredinsa na gaskiya, a hannun malamin da ya san harshe ya kuma san kiɗa. Ya kamata a gajarta rubutun a ɗaure shi da kiɗan kammalawa, ta yadda tambayar da aka yi a takarda za a ji amsarta a zaure. Wannan kuwa yana tilasta a sake duba kwamitin jarrabawa. Inda aka raba shi biyu, makaɗa su saurari kiɗa a rana ɗaya, malaman jami'a su karanta kundi a wata ranar, babu wanda ya ga aikin dukansa, kuma ɗalibi na iya faɗin abu a takarda ya kaɗa akasinsa ba tare da an kama shi ba. Dole waɗanda suka karanta su kasance cikin waɗanda suka saurara, a ba su damar cewa ɗalibi ya sake ɗaukar gogen ya maimaita gaɓar da ya yi iƙirari a kanta.