Hoto da kiɗan tausayi ba su isa tunawa da Ahmad S. Nuhu ba

Duk ranar 1 ga Janairu, wayoyinmu a nan zango kan cika da gajerun bidiyoyi na tunawa da Ahmad S. Nuhu, jarumin fim ɗin da ya rasu a haɗarin mota a Azare a 2007, yana kan hanyar Maiduguri wasan Sallah. Mu da muka baro ƙasar Katagum mun san hanyar nan, shi ya sa abin ke taɓa mu fiye da kowa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Amma jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, bidiyoyin nan ba su da nama. Hoto biyar ne ake ta juyawa, a aza kiɗan tausayi, a rubuta ranar rasuwa, shike nan. Ba mai gaya maka a wane fim ya yi fice, ko yadda yake riƙe rawar saurayi mai kunya har 'yan kallo su manta wasa ne. Yaron da aka haifa bayan 2007 zai gama kallo bai san me ya sa iyayensa ke share hawaye ba. Haka ake yi wa Rabilu Musa Ibro duk 10 ga Disamba tun rasuwarsa a 2014, sai ka ce abin da ya yi a duniya shi ne mutuwa kawai.

Magabata ba haka suka yi ba. Me ya sa har gobe ake maganar Shago a fagen dambe? Don Ɗan Anace bai tsaya ga kuka ba. Ya faɗi ƙarfin hannunsa, ya ambaci mazajen da ya kara da su, har wanda bai taɓa ganin Shago ba ya san irin ɗan damben da aka yi. Masu ƙwallo ma in za su tuna Rashidi Yekini, wanda ya rasu a 2012, ƙwallon da ya zura wa Bulgeriya a 1994 suke nunawa, yana riƙe da raga yana kuka.

Matsalar ita ce finafinan zamanin Ahmad a kaset da faifan CD suka fito, kuma ɗumi da ƙura na cinye su a akwatunanmu. Don haka muna kira ga matasanmu masu haɗa bidiyo: kafin Janairu mai zuwa, ku bi gidajen iyayenku mata ku karɓo kaset ɗin nan, ku juye su a kwamfuta da izinin masu su. Ku zaɓi fitowa ɗaya mai kyau, ku faɗi sunan fim da shekararsa, sannan ku rufe da addu'a.