Aku a Fada: Habaicin Abubakar Imam da Iyakarsa

A Garo, inda na tashi, mahaifina ɗan NEPU ne, kuma ba ya kiran Gaskiya Ta Fi Kwabo da sunanta, sai dai ya ce "takardar Turawa". Amma duk ranar da ta iso daga Kano, shi ne kan gaba wajen sa a karanta masa. Wannan ne ya sa na koma na sake nazarin editanta na farko.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya riƙe jaridar a Zariya tun fitowarta a Janairun 1939, ya rasu a 1981. Makaminsa habaici ne da karin magana, ba zambo ba. Ɗan zambo yakan kama suna. Mai habaici kuwa jifa yake a kasuwa, wanda ya tsargu shi ya sani.

A ganina, mabuɗin fahimtarsa yana cikin Magana Jari Ce. Aku tsuntsun keji ne, a fada yake ci, ba shi da takobi sai baki. Duk da haka da labari yake hana ɗan sarki aikin da-na-sani, har ya kai ga zama waziri. Wato Imam ya zana matsayin da shi kansa zai tsaya: gwamnati ce mai jarida, shi kuwa mai faɗa mata gaskiya cikin raha. Ilminsa na Larabci da na boko shi ya ba akun nan abin faɗa.

Sai dai keji keji ne. A 1943, da ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, alhali a tafiyar nan ya zayyana wa Lugga illolin mulkin En'e. Gyara yake nema, ba rushewa ba. A nan 'yan NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, suka raba gari da shi, kuma ban ce ba su da hujja ba, domin talakan da ɗan doka ya ɗaure kan haraji ba ya jin daɗin karin magana.

Mahaifina dai har ya rasu bai yafe wa Imam ba, bai kuma daina maimaita labaran akun ba.