Gidan Makama: Mun Kalli Kaya, Mun Manta da Gini

A cikin bazarar da ta wuce ne ƙungiyarmu ta kai ziyara Gidan Makama, gidan tarihin nan da ke daura da fadar Sarkin Kano. Masana sun ce asalinsa tun zamanin Muhammadu Rumfa ne, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma da Turawa suka ci birnin a 1903 sun yi ofis a cikinsa. Mun ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, da makamai, da hotuna, kowa na ta rubutu a littafinsa. Amma ban ga wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin da muke ƙarƙashinsa ba, alhali tun daga zaure zufa ta ɗauke mana, ba fanka, ba na'ura.

A nan kukana yake, kuma da mu ɗalibai nake. A ganina ginin shi ne babban abin kallo a gidan, don kuwa darasi ne na kimiyyar ƙasa da itatuwa. Bangon tubali mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi, sa'an nan ya sake shi lokacin da ake bukatar ɗumi. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, saboda gara ba ta cika cin ta ba. To, da yake azara ba ta iya haye fili mai faɗi ita kaɗai, sai magina suka ƙirƙiro baka, watau a riƙa ɗaura azara bisa azara ana tanƙwaro su daga bango biyu har su haɗu a sama. Abin da muke gani kamar ado, ashe dabarar ɗaukar nauyi ce.

Ni ɗan Kibiya ne, a ƙasar Rano, shi ya sa abin ya fi taɓa ni. A labarin Hausa Bakwai ana kiran Kano da Rano sarakunan baba, saboda rini. Abin da ba a cika faɗa mana a aji ba shi ne dangantakar marina da magina. Katsin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, shi ake kwashewa a ƙona, a haɗa da gashin jima da dafara, a sami laso, a shafe rufin soro don kada ruwa ya ratsa. Haka ma makuba, daga ɓawon ɗorawa take. Watau sharar wata sana'a ita ce jarin wata. Da marina suka yi sanyi, laso ya bi su. Yau Turawa na gina gidajen tarihi suna alfahari da cewa ba su ɓata muhalli, tun da an gano cewa sarrafa siminti kaɗai na fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Mu kuwa mun karanta waƙa da karin magana, amma a tambayi ɗalibin Hausa mene ne ɗaurin guga, sai ya yi zuru.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ginin ƙasa ba shi da aibu. Wasu ɗakunan Gidan Makama akwai duhu, don tagoginsu ƙanana ne. Soro kuma kamar jariri yake, kowace shekara sai an yi masa yaɓe, an gyara indararo, in aka yi sakaci damina ɗaya ta isa ta kwantar da shi. Hujjar baffana ke nan da ya ce bayan kaka zai rushe soron kakanmu ya sa bulo da kwano. Da na kawo masa zancen sanyi, sai ya ce, "Ɗana, kai za ka baro jami'a ka zo ka yi mini yaɓen?" Ban sami amsa ba.

Maginin da ya saba gyara soron nan ya tsufa, 'ya'yansa duk bulo suke bugawa. Na nemi izinin baffa in zauna da tsohon a wannan hutu in rubuta sunan kowane sashe na ginin daga bakinsa. Ya yarda, amma ya ce in hanzarta, don ya riga ya biya kuɗin kwano.