Harafin U a ƙamusun Roxana Ma Newman

Mai son gane ingancin ƙamusun Turanci zuwa Hausa ya buɗe harafin U. Shafukansa ba su da yawa, amma a nan ake gane ko mai ƙamus ya san harsunan biyu ciki da bai. Da wannan ma'auni na sake duba An English-Hausa Dictionary na Roxana Ma Newman, wanda maɗaba'ar Jami'ar Yale ta Amurka ta wallafa a 1990.

Marubuciyar ba baƙuwa ba ce a fagen. Ita da Paul Newman suka tsara Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci a Kano, ya fito a 1977. Kafin su akwai ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, waɗanda suka tashi daga Hausa zuwa Turanci, sai Neil Skinner da ya bi ɗaya hanyar a 1965.

Wahalar U tana cikin ɗafin nan "un" da Turanci ke liƙa wa kalma don ya juya ma'anarta. Hausa ba ta da ɗafi guda mai yin wannan aiki duka. Wani wuri sai mu ce "rashin", kamar rashin aikin yi. Wani wuri "maras" ko "marasa". Idan aiki ne ake warwarewa, kalma ce daban: an ɗaure, an kwance, an rufe, an buɗe. Abin da ya fi burge ni a littafin shi ne ma'ana yake bi, yana rarraba ta bisa muhallin da kalma ta zo, sannan ya kawo Hausar da ake faɗa a wannan muhalli.

Ɗauki "uncle". Wata rana ina fassara wasiƙar wani yaro, na tsaya cak a kanta. Bature ya haɗa ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba a kalma ɗaya, mu kuwa kawu daban, baffa daban, kuma a gidan Bahaushe kowa da matsayinsa, musamman ranar ɗaurin aure. Ƙamusun da ya ba ka ɗaya ya bar ɗaya ya cuce ka. Tsarin rarraba ma'ana shi ke tsare mai fassara daga irin wannan kuskure. Haka abin yake ga ƙananan kalmomi irin su "up" da "under" da "use", masu sauya kama da zarar sun haɗu da wata kalma.

Littafin yana sa alamomin karin sauti da na tsawon wasali a kalmomin Hausa. Wannan babbar hidima ce ga mai koyon harshenmu. A nan kuma giɓinsa yake: an fi kula da mai koyon Hausa. Ɗalibin Kano ko Damagaram mai koyon Turanci yana buƙatar a nuna masa me ya sa "umbrella" da "university" suka fara da harafi ɗaya amma furucinsu ya bambanta. Kuma littafin ya riga zamanin wayar salula, don haka kalmomi irin su "upload" suna jiran sabon aiki.

Duk da haka, malamin makaranta da mai fassara labarai a rediyo su ajiye shi kusa da hannu. Ni dai har yau shi nake fara ɗauka idan kalma ta shige mini duhu.