Inda Malami Ya Fito, Nan Wasa Yake Dosa: Nazarin Malaman Wasan Kwaikwayo na Zariya

Gabatarwa

Idan ana tarihin wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa, an saba jero sunayen littattafai da na marubutansu: Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma na Mohammed Sada, da sauransu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne tarihin mutanen da aka ɗora wa nauyin koyar da fannin a jami'a: wace sana'a suka yi kafin su kama alli, a wace ƙasa suka goge, da wane harshe suke tunani. Ra'ayina a wannan muƙala shi ne, hanyar da malami ya biyo ita ce take yanke irin wasan da ɗalibansa za su ɗauka a matsayin wasa, da irin wanda za su ɗauka a matsayin shirme. Zan gwada wannan ra'ayi a kan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin ita ce uwa a wannan fage a Arewa, sannan in auna sakamakon da ma'aunin wani gari da yake nesa da kowane dandalin jami'a, wato Lafagu ta ƙasar Bagudo, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin.

Malaman Farko da Abin da Suka Zo da Shi

An fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni a Zariya a 1975, a ƙarƙashin Sashen Ingilishi. Jagoran wannan aiki shi ne Michael Etherton, kuma sanin inda ya fito shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Kafin zuwansa Nijeriya ya koyar a Jami'ar Zambiya da ke Lusaka, inda shi da abokan aikinsa da ɗalibai suka kafa dandalin Chikwakwa, fili ne a sarari wanda aka kewaye da ciyawa, suka kuma riƙa ɗaukar wasa suna kai wa mutanen karkara cikin harsunansu. Saboda haka mutumin da ya iso Samaru ya riga ya yanke ƙauna daga dandalin Turai mai labule da kujeru a jere. Abokin aikinsa Brian Crow, wanda daga baya ya koma Jami'ar Birmingham a Ingila, ya kawo zurfin karatun mazahabobin wasa da na siyasar talakawa.

Wannan tarihi ya bayyana har a jikin gini. Dandalin gwajin wasa na jami'ar, wanda Steven Ehrlich, Ba'amurke mai koyar da zanen gine-gine, ya tsara a tsakiyar shekarun 1970, an yi shi ne da jar ƙasa, ɗakuna masu jinka sun kewaye fili kamar tsakar gidan Bahaushe. Mai kallo da mai wasa suna zaune kusa da juna, babu wani labule da zai raba su. A ganina wannan gini shi ne sharhi mafi ƙarfi da malaman farko suka rubuta, domin ya tilasta wa ɗalibi ya yi wasa a da'ira, kamar yadda ɗan kama yake yi a bakin kasuwa.

Daga nan aka fita ƙauye. A 1977 aka kai Wasan Manoma ƙasar Soba, a daidai lokacin da gwamnatin soja take yayata shirin ciyar da ƙasa da ta ƙaddamar a 1976. Bayansa aka yi aikin Maska, sannan na Bomo, ƙauyen da yake maƙwabtaka da jami'ar. Tsarin shi ne ɗalibai su zauna da manoma, su ji matsalolinsu na taki da gona da hukuma, su gina wasa a kai ba tare da rubutaccen littafi ba, su nuna, a tattauna. Tunanin Paulo Freire na Burazil game da ilimin da yake farkar da wanda aka danne, da gwajin Laedza Batanani na Botsuwana da aka fara a 1974, duk suna cikin jinin wannan tsari. Ɗaliban farko irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka zama malamai, suka riƙe ragamar. Abah ya yi digirinsa na dakta a Leeds, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu wasan talakawa ta Nijeriya a 1989, kuma shi da Jenkeri Okwori suka ɗaukaka sunan Zariya a fagen da ake kira wasan kwaikwayo don raya al'umma. Shi kuwa Etherton, bayan ya wallafa The Development of African Drama a 1982, ƙarshenta ya bar jami'a ya koma aiki da ƙungiyoyin agaji na duniya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: da yawa daga ɗaliban wannan makaranta wajen ƙungiyoyin raya ƙasa suka nufa.

Gida na Biyu da Gida na Uku

A cikin jami'a ɗaya akwai wani gida daban, wato Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, kuma mutanenta ta wata hanya suka shigo. Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad, gwani ne na fitila da tsara dandali wanda ya yi aiki a makarantar wasan kwaikwayo ta Ibadan. Shi da Umaru Ladan, ma'aikacin gidan rediyo da talabijin na Kaduna, suka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandali, aka buga shi a 1975, Adamu Halilu ya mayar da labarin fim a 1976. A wannan gida aka sami Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda jama'a suka sani da Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna, da Umaru Balarabe Ahmed, marubucin Bora da Mowa, da Ziky Kofoworola, wanda shi da Yusef Lateef suka wallafa littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausa a 1987. Waɗannan mutane sun san yadda Hausa take faɗuwa a kunnen mai sauraro, sun san inda dariya take.

Gida na uku shi ne sassan nazarin harsunan Nijeriya a Zariya da Kano da Sakkwato. A nan ne ake karanta rubutattun wasannin Hausa, kuma malaman da suke koyar da su masana adabi ne da harshe. Aikinsu ya adana mana tarihi, kamar yadda Ibrahim Yaro Yahaya ya yi a Hausa a Rubuce a 1988. Amma da yake daga littafi suka fito, littafi suke koyarwa. Ɗalibi yakan fitar da jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da salon sarrafa harshe a Jatau Na Kyallu, ya ci jarrabawa da kyau, alhali bai taɓa jin an furta layi ɗaya na wasan da murya ba, ga shi kuwa asalinsa wasan rediyo ne, an yi shi don kunne.

To ga inda gizo yake saƙa. Masu dandali da digiri suna tunani da Ingilishi, suna shiga Hausa idan za su ƙauye. Masu Hausa da digiri ba su da dandali. Masu Hausa da dandali kuwa, yawancinsu ba a hannunsu ragamar manhajar digiri take ba. Tarihin aikin kowane rukuni ya ba shi kashi ɗaya na gadon, aka rasa wanda ya haɗa ukun.

Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

Adalci ya wajaba a nan. Makarantar Zariya ta yi abin da ba a taɓa yi ba a Arewa: ta ɗauki matsalar manomi a matsayin abin da ya cancanci nazarin jami'a, ta kuma koya wa ɗalibi saurare. Malamanta da kansu sun rubuta suka a kan aikinsu, sun yarda cewa zuwa ƙauye na 'yan kwanaki a nuna wasa a koma makaranta ba ya sauya wanda yake riƙe da taki ko gona. Wannan gaskiya abin yabo ce.

Sukata ta wani ɓangare ce. Da yake malaman sun zo da tambayar siyasa da ta raya ƙasa, sun kalli ƙauye a matsayin wurin da matsala take, ba su cika kallonsa a matsayin wurin da gwanaye suke ba. An ari kiɗa da rawa da barkwanci don a ja taro, amma sigar wasannin kanta, yadda aka gina ta da dokokinta, ba ta zama ginshiƙin manhaja ba. Tashe yana da 'yan wasa da sutura da maimaitawa da hukunci a kan halin banza. Wasan gauta yana ba matan fada damar kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu. A kalankuwa samari sukan naɗa wa junansu muƙamai su kwaikwayi mulki. Ɗan kama yana juya karatun malamai ya zama na tuwo da miya, kuma yin haka a gaban taro ba tare da an yi fushi ba ilimi ne mai zurfi na sanin iyaka. Muhawarar da ta fi shahara a kan wasannin ƙasar Hausa a wancan zamani ita ce ta bori, wadda Andrew Horn da Dapo Adelugba suka yi rubutu a kanta a kundin Yemi Ogunbiyi na 1981, kuma tambayar da ta mamaye ta ita ce ko abin ya cika sharuɗɗan da ake kira wasan kwaikwayo. Ma'aunin daga waje aka kawo shi, aka ɗora kayan gida a kai.

A Ibadan an gwada wata hanya. A farkon shekarun 1960 jami'ar ta gayyato Kola Ogunmola, shugaban ƙungiyar wasa mai yawo, ya zauna a cikinta a matsayin gwani, daga nan aka sami wasan dandali na labarin mashayin bammi na Amos Tutuola. Arewa tana da takwarorinsa. Usman Baba Pategi ya fito daga aikin soja ya gina Samanja, wanda ya sa dukan ƙasar Hausa ta yi wa barikin soja dariya a zamanin mulkin soja. Ƙasimu Yero ya nuna abin da fuska da murya za su iya yi a Karambana. A Nijar, Yazi Dogo, malamin makaranta, ya jagoranci wasan Hausa wanda ba ya dogara da rubutu, har Janet Beik ta rubuta littafi a kan wannan al'ada a 1987. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu, wanda yake ƙirga digiri da muƙalu, ba shi da gurbi mai daraja ga irin waɗannan. Ba abin mamaki ba ne da fim ɗin Hausa ya tsiro daga ƙungiyoyin wasa na unguwanni, kamar Tumbin Giwa ta Kano da ta fitar da Turmin Danya a 1990, jami'a ta biyo baya tana nazari. Har ma wanda ya fi kowa tsayawa a kan wannan nazari, Abdalla Uba Adamu, daga fannin koyar da kimiyya ya tsallako.

Za a iya cewa jami'a wurin bincike ce, kuma iya wasa daban, iya koyarwa daban. Haka ne. Amma sashen koyon likitanci ba ya wadatuwa da masu karanta littafin tiyata, sai ya haɗa da masu yankan. Abin da nake nema shi ne a zaunar da gwanin da masanin a aji ɗaya, kowa da darajarsa.

Ma'aunin Lafagu

A ƙasar Bagudo, daga Lafagu zuwa Illo da Lolo da Tsamiya, Hausa tana cuɗanya da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da harsunan Busawa da Kyangawa, ga Faransanci a tsallaken iyaka. Dangi suna zaune a ɓangarorin biyu, kasuwa ɗaya ake ci. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, abin da ya zama labarin shinkafa a jaridun birni, a nan ya zama labarin aure da zumunci da abin sawa a tukunya. Babu abin da ya fi wannan dacewa da dandali.

A ce yau an turo ɗalibi ya yi wasa a kan haka. Wanda ya fito daga gida na farko zai iya tattara matsaloli ya buɗe tattaunawa, amma da wane harshe, kuma ya san wasan barkwanci da ke tsakanin ƙabilu, wanda yake halatta faɗin abin da ba ya faɗuwa? Wanda ya fito daga gida na uku zai iya rubuta wasa da daidaitacciyar Hausa, wadda a kunnen mutanen yamma take da ƙamshin baƙunta. Mutumin da ya san yadda ake tara jama'a a wannan ƙasa, ya riƙe su, ya sa su dariya da harsuna uku, yana nan a kasuwa da gidan biki, kuma babu jami'ar da ta san sunansa. Jihar Kebbi tana da jami'a a Aliero tun 2006, da ta tarayya a Birnin Kebbi tun 2013. Duk ranar da ɗayansu ta zauna tsara yadda za ta koyar da wannan fanni, tambayar farko da ya kamata ta yi ita ce su wa za ta ɗauka, kafin ta tambayi wane littafi za a karanta.

Kammalawa

Tarihin Zariya ya nuna cewa mutum biyu ko uku, da abin da suka gani a Lusaka ko Ibadan ko Kaduna, sun isa su shata wa fanni hanya ta shekara hamsin. Saboda haka ɗaukar malami hukunci ne na adabi, ko da a ofis aka yanke shi. Shawarata uku ce. A buɗe gurbin gwani mazaunin jami'a, da albashi da aji, ga 'yan kama da masu tashe da tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin tun suna raye. A lissafa shirya wasa a dandali a matsayin aikin ilimi wajen ƙarin girma, kamar yadda ake lissafa muƙala. A kuma wajabta wa ɗalibin Hausa ya hau dandali, ɗalibin dandali ya karanta wasannin Hausa da Hausa. Idan aka yi haka, yaron da ya taso a Lafagu yana kallon masu wasa a bakin kasuwa zai shiga jami'a ya tarar abin da ya sani tun yana ƙarami yana cikin abin da ake kira ilimi, kuma wata rana shi ma zai iya tsayawa gaban aji ya koyar da shi.