Hujjar Lucas a Bakin Mai Wa'azi

Akwai wata hujja da ɗalibanmu suke son ɗauka daga littattafan kare bangaskiya, wadda masanin falsafa John Lucas na Ingila ya kawo a maƙalarsa ta 1961. Tushenta aikin Kurt Godel ne na 1931. Godel ya nuna cewa duk tsarin ƙa'idojin lissafi da na'ura za ta iya bi, muddin ya ƙunshi tarawa da ninkawa kuma ba ya saɓa wa kansa, akwai zance a cikinsa da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. A 1936 Alan Turing ya ƙara da cewa akwai tambayoyin da babu kwamfutar da za ta warware su duka. Sai Lucas ya ce: na'ura ta tsaya a wannan zance, mutum kuwa ya gane gaskiya ne, ashe hankalin mutum ba na'ura ba ne.

Tana da daɗin ji, amma ƙafarta ɗaya gurguwa ce. Mutum bai gane zancen gaskiya ne kai tsaye ba. Abin da ya gane shi ne, in tsarin ba ya saɓa wa kansa, to zancen gaskiya ne. Wannan magana mai sharaɗi, na'urar ma tana iya fitar da ita. Kafin hujjar ta tsaya, sai mutum ya tabbata cewa nasa tunanin ba shi da tufka da warwara. Wane fasto ne zai koyar da Romawa sura 7 ran Lahadi, sa'an nan ya yi wa zuciyar ɗan Adam wannan shaida?

Ku da za a tura Wurno, Rabah ko Goronyo, ku san ƙasar da za ku. A Wurno kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837, kuma tun zamaninsu malamai suke karanta manɗiƙi da tauhidi mai kafa hujjar hankali. Malamin zaure ba sai ya san Godel ba kafin ya ji inda aka haɗiye "in".

Godel kansa ya fi Lucas taka-tsantsan. A laccarsa ta 1951 abu biyu ya ajiye: ko dai hankalin mutum ya wuce kowace na'ura, ko kuwa akwai tambayoyin lissafi da ba za mu taɓa warwarewa ba, wataƙila ma duka biyun. Zuciyarsa ta karkata ga na fari, amma bai ce lissafinsa ya tabbatar da shi ba.